MA'AIKATAN DA BA MU BIYA: INA UNGULU, INA CARKI, INA BUZUZU?

 Na roƙi fili a wannan mujalla tamu ne domin in yi magana a kan wani abu da ba mu saba sa shi cikin lissafi ba. In an zauna taron ƙungiya, maganarmu ba ta wuce kuɗin tike, da harajin kan iyaka, da tsadar mota, da canjin sefa da naira, da masu tare hanya. Duka matsaloli ne na gaske, ban ce a bar su ba. To amma akwai wasu ma'aikata da suka daɗe suna yi mana aiki ba mu taɓa biyan su ko dala ba, yanzu kuwa suna ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, mu ko cigiyarsu ba mu yi ba. Ina nufin ungulu, da carki, da buzuzu, da gara, da itacen gawo. Ra'ayina shi ne ƙungiyarmu ta ɗauki maganarsu a matsayin maganar jari, ta kafa ƙa'idoji a kai tun kafin wuri ya ƙure.

Na san wani zai yi dariya ya ce, "Haba Malam, mu da muke saye yau mu loda gobe, ina ruwanmu da tsuntsu da ƙwaro? Wannan ai maganar makiyayi ce da 'yan gandun daji." To ɗan'uwa, bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Sa'ad da ka tsaya a Abalak ko Tunfafi ko Bakin Birji kana lalubar gindin wutsiyar bijimi kana duban tozo, me kake saye? Nama kake saye da kitse, su kuwa ciyawa ce ta rikiɗe ta zama su. In ciyawa ta lalace, fata da ƙashi za a kawo maka. In cuta ta ɓarke aka rufe kasuwa, shanun da ka zuba wa jarinka za su tsaya suna cin dusa a kanka. Saboda haka duk abin da ke riƙe da ciyawa, da duk abin da ke tare cuta, abokin cinikinka ne ko ka san shi ko ba ka san shi ba.

Ku duba yadda abin yake a ɗaure. Saniya ta ci 'ya'yan gawo da rani. Ƙwayar, mai taurin ɓawo, ta bi ta cikinta ta yi laushi, ta faɗi can nesa a cikin kashi, ga taki a shirye, damina na sauka ta tsiro. Gawon ya girma, ya zubar da ganye da damina lokacin da gero ke son rana, ya yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi kuma kashin, da damina buzuzu ne ke dunƙule shi ya binne ya yi ƙwai a ciki. Da rani gara ce ke cinye shi, tana huda ƙasa tana yin hanyoyi, in an yi ruwa ya nutse maimakon ya gudu. Manoman Illela da Badagishiri masu haƙa tassa sun san wannan sarai, shi ya sa suke zuba taki a ramin domin su kira gara. Balbela na bin garke tana tsince farar da kofato ya tayar. Carki na kan doro yana cire kaska. Ranar da saniyar ta faɗi, ungulu da maiki su sauko, kafin rana ta faɗi sai ƙasusuwa. Kowa na ci daga wani, kowa kuma na yi wa wani aiki, kamar zaren saƙa, in ka zare ɗaya sai na kusa da shi ya saki.

To me ya taɓa wannan saƙa? Abu uku ne. Na farko sama. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da 1974 ba, da kuma na 1984, waɗanda suka share garkuna suka kashe itatuwa. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma ba irin na da ba: ya zo a makare, ya ɗauke a tsakiya, sannan ya zubo gaba ɗaya a dare guda. Wani bincike da aka fitar a 2017, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka har sau uku tun daga 1982. Na biyu mutane. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, a ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17, yanzu kuwa sun haura miliyan 25. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa dabbobi wuri, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta, burtali ya ƙuntata, saura ta ɓace. Na uku magunguna, na gona da na dabbobi, waɗanda yau ake shimfiɗawa a tabarma a kowace kasuwa, kowa ya saya kowa ya zama likita.

Abin da nake so mu gane shi ne, daji ba ya zama fanko. In wani ya tashi, wani zai zauna a wurinsa, sai dai ba lalle ne mai zaman ya zama mai amfani gare mu ba. Mu ɗauki ciyawa. Gamba, mai saiwa a ƙasa wadda ke tohowa tun kafin ruwa ya zauna, ta ja baya a wurare da yawa bayan fari, ciyawar shekara guda irin su ƙarangiya ta maye gurbinta. Wannan da sauƙi, domin dabba na cin ƙarangiya. Amma inda kiwo ya yi yawa a ƙaramin fili, dabbobi na cinye mai daɗi tun kafin ta zubar da iri, su bar wadda ba su so ta yi 'ya'ya son ranta. Haka garmani ya mamaye burtali da makiyayu a yankunan Maraɗi da Doso da Damagaram. Ka hango fili kore ka ce ga abinci, ka iso ka tarar shanu na ratsa shi da yunwa. Ga mai kallo daga nesa daji ya farfaɗo, ga mai saniya kuwa fili ya mutu. Masana na cewa halittu suna sabawa da sauyin yanayi, gaskiya ne suna sabawa, amma ba su yi alkawarin sabawa ta hanyar da za ta yi wa bafatake daɗi ba.

Yanzu mu zo kan ungulu. Duk wanda ya haura shekara 40 ya san yadda kwata take a da, rufin rumfuna da kan katanga da bisa tsamiya baƙi ƙirin da ungulu, har mahauta na korar su da sanda. Yau yaro zai girma a gari babba bai taɓa ganin ta ba sai dai ya ji ana karin magana da sunanta. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Barkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga su tsakanin 1969 da 1973, ya kuma sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye irin su maiki sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji, ita kuma ungulun gari ta ragu da kashi 45 cikin 100. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Ita kuwa ba kaza ba ce da za ta cika gida cikin shekara, ƙwai ɗaya rak take yi a shekara, ɗan kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara nasa. In ka kashe 50 a yini guda, ka kashe aikin shekaru masu yawa.

Me ke kashe su? Binciken da aka tattara daga sassan Afirka ya nuna guba ce kan gaba, sai masu farautarsu domin sayar da kai da ƙafa ga masu magani da tsubbu. Gubar nan sau da yawa ba don ungulu aka sa ta ba. Dila ko kura ko karen daji ya kashe wa mutum maraƙi, ransa ya ɓaci, ya barbaɗa maganin ƙwarin gona a mushe. Dila ɗaya ya mutu, ungulu 30 suka bi shi. Akwai kuma masu yi da gayya. A 2020 a Gini Bisau an tsinci gawar ungulu fiye da 2,000, da yawa an datse musu kai. To mu tambayi kanmu tsakani da Allah, ina ake samun naman da ake sa gubar? Ina ungulu ke taruwa har a yi mata tarko? Ai a kwata ne da bayan tike, wato a gidanmu.

Wanda yake ganin ɓacewar ungulu ba komai ba ce, to ya ji abin da ya faru a Indiya, ƙasar da ta fi kowace yawan shanu da bauna. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar diclofenac, maganin zafin jiki da ciwon gaɓɓai, mai araha mai aiki nan take. Ashe in saniya ta mutu da maganin a jikinta ungulu ta ci, ƙodarta ke lalacewa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ba a gano dalilin ba sai a 2004, kuma lissafi ya nuna ko mushe ɗaya cikin 100 bai kai ba wanda ya isa ya jawo wannan ɓarna. Wani jinsin ungulu da a da ake ƙirga shi da miliyoyi ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da maganin ga dabbobi, amma aikin gama ya gama. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana ɓata ruwa, karnukan da ba su da mai su suka samu abinci suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun fitar da bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. A Kenya ma an gwada an gani: mushen da ungulu ba ta sauka a kai ba yana daɗewa kusan ninki uku, masu ƙafa huɗu kuma su taru a kansa suna cuɗanya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Akwai maganin da aka gwada aka tabbatar ba ya cutar da ungulu, sunansa meloxicam, aikinsu ɗaya da wancan.

Sai carki. Ba zan yi masa yabon da ya wuce kima ba, domin kowane makiyayi ya san in ya samu miki a bayan sa yakan tone shi ya hana shi warkewa. Amma kaska ce babban abincinsa. A Afirka ta Kudu, annobar bushiya ta 1896 ta kashe shanu da namun daji, aka biyo da wankan shanu da magani mai guba, sai carki mai rawayan baki ya ɓace daga ƙasar tun farkon ƙarni na 20, bai dawo ba sai a 1979. Mu kuma yau muna feshi da duk abin da muka samu, har da maganin auduga, ba awo ba ƙa'ida. Carki ya ci kaskar da ta sha guba ya mutu, kaskar da ta tsira kuwa ta haifi 'ya'yan da maganin ba ya kashewa.

A daidai wannan lokaci ne kuma baƙuwar kaska ta shigo. A 2007 aka fara ganin ta a Kodebuwa, ta biyo shanun madara da aka shigo da su daga Barazil, haka ma a Benin. Daga nan ta watsu zuwa Barkina Faso, Mali, Togo, Nijeriya da Kamaru. Ta fi tamu saurin haihuwa, tana korar 'yan uwanta na gida inda ta sauka, tana jure magunguna da yawa, tana kuma ɗauke da cutar da ke sa saniya zazzaɓi da jan fitsari. Kaska ba ta da fiffike. A jikin saniya take tafiya, saniya kuwa a motarmu take tafiya ko a ƙafa bayan yaranmu. Ku haɗa wannan da wani sauyin: fari da saran daji sun tura ƙudan tsando kudu, sammore ya yi sauƙi a wuraren da a da saniya mai tozo ba ta iya zama, shi ya sa garkuna suka gangara har kusa da teku. Sun tsere wa tsando sun faɗa hannun kaska da kirci, in sun juyo arewa kuma ba su dawowa su kaɗai.

Buzuzu fa? Shi kam raina shi ake yi, har ana zagi da shi. To Ostareliya ta san darajarsa. Turawa sun kai shanu can a 1788, buzuzun ƙasar kuwa bai san kashin shanu ba, ya saba da busasshen kashin dabbobin dajinsu. Saniya guda na yar da kashi wajen sau 10 zuwa 12 a yini. Kashi ya taru ya bushe ya rufe makiyaya, ƙuda ya yi yawa har ya hana mutane sakat. Daga 1965 zuwa 1985 hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ta riƙa kashe kuɗi tana ɗauko buzuzu daga waje, da yawa daga nan Afirka, har jinsi 23 suka zauna. Abin da muke takawa da takalmi, wasu jirgin sama suka sa aka kai musu. Shi buzuzu in ya binne kashi, ya kai taki ga saiwa, ya hana ƙuda wurin ƙwai, ya kuma rage tsutsar ciki da ke komawa kan ciyawa saniya ta sake haɗiya.

Abin da ke barazana gare shi yana cikin aljihun kowane mai kiwon turke, wato allurar ivermectin. Magani ne mai kyau, ban ce a daina ba, yana kashe tsutsa da ƙwarin fata. Amma yawancinsa ta kashi yake fita, kuma da ƙarfinsa. Tun 1987 masana a Ingila suka nuna kashin maruƙan da aka ba maganin ya yi kwana 100 a fili bai ruɓe ba, alhali na waɗanda ba a ba su ba ƙwari sun gama da shi. To mu nan wasunmu duk saniyar da aka saya sai an tsira mata, da ciwo da ba ciwo, wai don ta yi sheƙi. In aka yi wa garke duka a tsakiyar damina, lokacin da buzuzu ke haihuwa, an shayar da shi guba a cikin abincinsa. Ga kuma tsutsar da kanta tana sabawa da maganin, gobe ka ba da shi ya ƙi aiki. Banda wannan, a kusa da garuruwa ana kwashe kashin shanu kaf daga makiyaya a kai gona ko a yi makamashi, a kakkaɓe 'ya'yan gawo tun suna ɗanye a cika buhu a kai kasuwa. Sana'a ce, mutane na cin abinci da ita, amma filin da aka kwashe wa taki da iri duk shekara, me zai tsiro a kansa?

Kada mu manta da ruwan nan mai zubowa gaba ɗaya. In tabkuna suka cika suka tumbatsa, sauro ke ƙyanƙyashewa. A 2016 zazzaɓin Rift ya ɓarke a jihar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara da Abalak, dabbobi suka riƙa ɓari, mutane fiye da 30 suka rasu, akasari makiyaya da masu taɓa jini da nama. A watan Yuni na 2023, ana dab da Babbar Salla, ciwon saifa ya ɓulla a arewa maso gabashin Gana, hukuma ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi a yankin. Ku tambayi 'yan uwanmu na can yadda jari ya kwana. Ban ce rashin ungulu ne ya kawo waɗannan ba, kuma dabbar da ake zaton saifa ce ta kashe ta, ba a feɗe ta ba a bar wa tsuntsu, sai a kira likitan dabbobi a ƙone ko a binne da zurfi. Abin da nake nunawa shi ne, duk sa'ad da zaman halittu ya jirkice cuta ta samu ƙofa, bafatake ne ke fara biya.

Duk da haka ba na cikin masu cewa komai ya ƙare. Akwai masu cin ribar sauyi, kamar balbela, wadda ta tsallake teku zuwa Amurka ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 19, a 1953 aka same ta tana sheƙa a Fulorida. Akwai kuma saƙar da aka ɗinke da hannu a nan gida. Daga 1983 a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato in kututture ya toho a gona kada a sare, a zaɓi reshe mai ƙarfi a gyara a bar shi. Masu bincike sun ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili kimanin hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram. Wanda ya bi ta Matamaye da Magarya ya ga gawo a gonaki ya san ba tatsuniya ba ce, kuma shanun da suka ci rani a can ba su kama da waɗanda suka ci shi a fako. Mutanen Damagaram ma na ba da labarin yadda Sarki Tanimun ya tsananta hukunci a kan mai saran gawo tun a ƙarni na 19. Bushiya da ta addabi kakanninmu, an yi mata taron dangi da rigakafi har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 2011. Ashe in an so gyara ana iyawa.

To ga abin da nake roƙon shugabanninmu su sa a gaba a taro mai zuwa. Na farko, a haɗa kai da sarakunan pawa a hana kama ungulu da sayar da sassan jikinta a kowace kwata da tike da muke da murya a ciki, wanda aka kama a miƙa shi ga 'yan gandun daji. Na biyu, duk ɗan ƙungiya da yaransa su bar sa guba a mushe, in dila ko karnuka sun dame mu a nemi hukuma, a kuma gyara shinge da gadin dare. Na uku, a bar yi wa dabba allurar diclofenac, ko ta mutane ce ko ta dabbobi, a nemi meloxicam. Na huɗu, ivermectin sai dabbar da ke bukata, bisa shawarar likita, wadda aka yi wa kuma a tsare ta a turke wasu makonni a tara kashinta wuri guda, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin yanka. Na biyar, motar da ta dawo daga kudu a share ta a wanke kafin a sake lodi, dabbar da ta fito can a duba ta a ware ta kafin ta shiga garke. Na shida, kowane reshe ya ware wani abu daga kuɗin shiga domin tuge garmani kafin ya yi iri, da watsa irin ciyawa a burtalin da shanunmu ke bi, tare da makiyaya da masu gari. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince da haƙƙin tafiya da dabbobi, ta kuma kare burtali, amma doka ba ta tuge haki.

Wani zai ce duk wannan kuɗi ne da ɓata lokaci, ga kasuwa ba daɗi. Na yarda akwai ɗawainiya. Amma huɗu daga cikin shidan nan ba su bukatar ko dala, bari kawai ake nema, har ma kuɗin allurar banza za su rage mana. Wani kuma zai ce sauyin yanayi manyan ƙasashe ne suka jawo shi da hayaƙin masana'antunsu, mu me za mu iya? Gaskiya ne ba mu muka ɗumama duniya ba, ba kuma mu za mu hana fari ba. Amma makiyayar da ke da gawo da gamba da gara da buzuzu ta fi jure fari a kan wadda aka tsiraita, kamar yadda bafataken da ke da abokan ciniki goma ya fi jure faɗuwar kasuwa a kan mai guda ɗaya. Abin da ke hannunmu shi za a tambaye mu.

Ina kira ga dattawan kowane reshe, su da suka ga jiya suka ga yau, su zauna su lissafa wa matasa abin da suka sani a dajinsu da wanda ya ɓace, sakatare ya rubuta a aiko wa wannan mujalla. Inda ungulu ta rage kuma, a san itacen da take kwana a hana sare shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya sa a yi ciniki lafiya.